Littattafan Hira da Makomar Hausa a Bakin 'Ya'yanmu

'Yan uwa na Alshajara da Umdurman, da waɗanda yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya watsa zuwa wasu garuruwa.

A watannin zaman jira na koma ga abin da na daɗe da ajiyewa, wato karatun ƙagaggun labarai. Na karanta na soyayya, na aljanu da na binciken ɓarayi, duk a waya, kuma duk da Hausa. Daɗin da na ji ya sa na bi asalinsu.

A 1933 Hukumar Fassara ta Zariya, ƙarƙashin Baturen nan Rupert East, ta sa gasar rubuta labarai da boko. Daga cikinta aka sami Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Gandoki na yayansa Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda daga baya ya zama Firayim Ministan Nijeriya. Gandoki jarumi ne da ya yaƙi Nasara, sannan ya nufi gabas zuwa Makka, har ya faɗa duniyar aljanu. Wanda kakansa ya biyo hanyar hajji, ko ya yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903 kamar jama'ar da ta kafa Mai Wurno a gaɓar kogin Nilu kusa da Sinnar, ba zai ji wannan labari baƙo ba.

Imam ya sha daga rijiyar Larabci. Magana Jari Ce, littafi uku da suka fito tsakanin 1937 da 1939, ya ɗebo daga Alfu Laila da makamantansa, ya sa musu rigar Hausa, ya ba aku aikin ba ɗan sarki labari.

Soyayya kuwa ta samu gindin zama ne daga 1980, da So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwahid. Bayan haka marubutan Kano suka fara buga littattafansu da kuɗin aljihunsu. Balaraba Ramat Yakubu ta fitar da Alhaki Kwikwiyo Ne a 1990, Ado Ahmad Gidan Dabino ya biyo da In Da So Da Ƙauna. Wasu malamai sun yi suka, amma littattafan sun taɓo auren dole da zaman kishi da karatun 'ya mace, kuma mata da yawa sun ƙware a karatun boko ta dalilinsu.

Mu nan Sudan wata hanya muka bi. A allo da makarantar gwamnati Larabci muka koya, saboda haka samarinmu suka tashi da labaran leƙen asiri na Nabil Faruk na Masar, 'yan mata da littattafan Abir, ana sayensu a shimfiɗe a bakin titi a Suk al-Arabi. Hausa ta tsaya a tsakar gida. Yau jikokinmu da yawa suna jin ta, amma in an yi musu magana da Larabci suke amsawa.

Abin da na lura da shi ke nan: harshen da ba a nishaɗi da shi, yaro ba ya kewarsa. Ɗiyar ƙanwata ba ta taɓa karanta boko na Hausa ba. Na karanta mata babi biyu na wani littafin soyayya, na tsaya a inda labari ya yi zafi. Washegari ita ta zo tana tambayata yadda ake furta ƙ da ɗ da ɓ.

Shawarata ga iyaye ita ce a zaɓi littafi mai tarbiyya, babba ya fara dubawa, sannan a riƙa karanta shi da babbar murya bayan sallar isha, ko da shafi uku ne. Wanda bai iya boko ba ya nemi waɗanda ake karantawa a YouTube. Imam ya ɗauko daga Larabci ya kai Hausa, 'ya'yanmu kuma suna da harsunan biyu a gida ɗaya. Wataƙila a cikinsu akwai wanda zai rubuta labarin Alshajara.

Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya mayar da kowa gidansa. Amin.