Waɗanda Fayil Ke Bi Ta Hannunsu

Mpape tana kan duwatsu a bayan Maitama, cikin ƙaramar hukumar Bwari. Yawancin masu gangarowa daga cikinta da sassafe ƙananan ma'aikata ne: masinjoji, direbobi, masu gadi, akawun rajista, masu buga takardu, da ƙananan akantoci waɗanda albashinsu ba zai kama musu ɗaki a Wuse ko Garki ba. Asalinta ƙauyen Gbagyi ne. Fasa dutse ya jawo mata jama'a, rusau ɗin cikin birni ya ƙara cika ta. A nan nake zaune, bayan na yi aikin odita na cikin gida a ma'aikatun tarayya har na yi ritaya, na kuma taɓa zama a kwamitin yaƙi da rashawa na wata ma'aikata. Abin da aikin ya koya mini shi ne, babu kuɗin gwamnati da za a karkatar bai bi ta hannun irin maƙwabtana ba. Wani ne ya buga baucar, wani ya ɗauki fayil ɗin daga ofis zuwa ofis, wani ya tuƙa motar da ta kai jaka gida da dare. Shekara hamsin ke nan ana neman dabarar da za ta sa su buɗe baki, kuma kusan kowace dabara an ƙirƙiro ta ba a tambayi abin da zai same su washegari ba.

Manyan da suka koya mana aiki daga 1975 suke ɗauko labarin. A shekarar ce Janar Murtala Muhammed ya sallami ma'aikata fiye da 10,000. Akwai ɓarayi na gaske a cikinsu, amma akwai kuma waɗanda takardar ƙorafi marar sa hannu ce ta ci su, ba a ko saurare su ba. Wannan ya bar tabo a aikin gwamnati. Tun daga lokacin ake kallon mai rubuta ƙorafi a matsayin mai neman kujerar wani, kuma na tarar da wannan kallon yana nan daram a ofisoshin da na zauna. A shekarar dai aka kafa Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a, wadda marigayi Ɗanmasanin Kano, Alhaji Yusuf Maitama Sule, ya fara jagoranta. Hedikwatarta tana kan titin Aguiyi Ironsi a Maitama, tafiya kaɗan daga mahadar Mpape. Hukuma ce mai amfani ga wanda aka riƙe wa fansho ko aka kora ba bisa ƙa'ida ba, sai dai ƙarfinta a bincike da shawara ya tsaya. A ɗaya gefen kuma ga Dokar Sirrin Gwamnati ta 1962 da rantsuwar riƙe sirri da kowa ke sa wa hannu in ya kama aiki. Ƙaramin ma'aikaci bai san sashe-sashen dokar ba, abin da ya sani shi ne fitar da takarda daga ofis na iya kai shi kurkuku.

Da mulkin farar hula ya dawo, Shugaba Obasanjo ya sa hannu kan dokar yaƙi da rashawa a Yunin 2000, aka ƙaddamar da ICPC a Satumba ƙarƙashin Mai Shari'a Mustapha Akanbi. Shekarunta na farko a kotu suka tafi, domin jihar Ondo ta ƙalubalanci hurumin tarayya na yin irin wannan doka, sai a Yunin 2002 Kotun Ƙoli ta tabbatar da ita. EFCC ta biyo baya a 2003 da Nuhu Ribadu, ita ce ta kwashe suna a jaridu. Amma abin da ya taɓa rayuwarmu ta yau da kullum a ofis shi ne takardar da Shugaban Ma'aikatan Tarayya ya fitar a 2001, wadda ta umarci kowace ma'aikata ta kafa sashen yaƙi da rashawa na cikin gida, wanda ake kira ACTU.

A kan takarda tsarin yana da kyau. Ma'aikatan gidan ne za su zama idon ICPC, su karɓi ƙorafi, su yi binciken farko, su duba inda tsarin aiki ke da ɓaraka, su aika rahoto. Mun yi rantsuwa, an kafa akwatunan ƙorafi a bakin matakala, an liƙa takardu a bango. Matsalar tana wurin da kowa ya gani amma ba a gyara ba. Kuɗin gudanar da kwamitin daga babban sakatare ko shugaban hukumar yake fitowa. Ƙarin girman kowane ɗan kwamiti a hannunsa yake. Takardar da za ta ɗauke ka daga Abuja zuwa wani ofishin jiha ita ma shi ke amincewa da ita. In ƙorafin a kan masinja ne da ya karɓi na goro kafin ya nemo fayil, cikin mako guda an gama. In ya haura zuwa ofishin sayayya ko na kwangila, sai kuɗin taron kwamiti ya maƙale, sai a tuna cewa shugaban kwamitin ya daɗe bai je kwas ba. An ba kura ajiyar nama, aka kuma ce mu riƙa ƙirga tsokar muna kai mata rahoto.

Akwai wani yaro akawu, maƙwabcina a nan Mpape, da ya lura ana biyan alawus ɗin tafiya sau biyu da sunayen mutanen da ba su taka ko'ina ba. Ya rubuta da hannunsa, bai sa suna ba, ya jefa a akwati. Sashe na 64 na dokar ICPC ya ce a ɓoye sunan mai ba da bayani, amma a ofishin da mutum uku kaɗai ke ganin wannan baucar, ɓoye suna ba ya ɓoye kowa. Ba a kore shi ba, ba a ma ba shi takardar tuhuma ba. An dai mayar da shi wani ɗaki da babu aiki, abokan cin abincinsa suka janye, sunansa ya daina fitowa a jerin masu jarrabawar ƙarin girma. Ya same ni bayan sallar isha'i ya ce, "Baba, da na san haka ne da na yi shiru. Yanzu ko gaisuwata ba a amsawa." Na ce masa, "Ɗana, abin da ka yi daidai ne, kuma Allah ya gani." Gaskiya na faɗa masa, amma ba ni da wata doka da zan miƙa masa ya kai kotu. Irin wannan ramuwar ita ce ta fi yawa, kuma ita ce ba ta barin shaida.

A 2011 aka samu ɗan haske. Dokar 'Yancin Samun Bayanai da Shugaba Jonathan ya sa wa hannu a watan Mayu ta tanadi, a sashe na 27, cewa ba za a hukunta jami'in da ya bayyana ɓarna da kyakkyawar niyya ba. Kariya ce daga gurfanarwa, ba ta hana canjin wurin aiki ko danne ƙarin girma. Manya ma ba su tsira ba. Sanusi Lamido Sanusi yana Gwamnan Babban Banki ya ce akwai dala biliyan 20 na man fetur da ba su shiga asusun tarayya ba, aka dakatar da shi a Fabrairun 2014 bisa wasu zarge-zarge na daban. Abdulmumin Jibrin ya yi zargin cushe a kasafin kuɗin 2016, Majalisar Wakilai ta dakatar da shi na kwanakin zama 180. Ko me mutum ke gani game da waɗannan mutane biyu, darasin da masinja ya ɗauka ɗaya ne. In mai wannan matsayi bai sha ba, shi da ke hayar ɗaki ɗaya a kan dutse fa?

Sai Disambar 2016, lokacin da Majalisar Zartarwa ta amince da tsarin kwarmata bayanai da Ministar Kuɗi Kemi Adeosun ta gabatar. Wanda bayaninsa ya kai ga ƙwato kuɗi zai samu kashi 2.5 zuwa 5 cikin 100, in har bayanin ba wanda gwamnati ta riga ta sani ba ne. Aka ba da lambar waya, adireshin imel da shafin intanet, aka ɗora aikin a kan sashen PICA na Ma'aikatar Kuɗi. Ban taɓa ganin wani tsari na gwamnati ya shiga bakin talaka da sauri kamar wannan ba. A teburin mai shayi, a tashar 'yan acaɓa, a cikin motar da ke gangarawa Maitama, lissafin kashi biyar ake yi. A Fabrairun 2017 EFCC ta fito da kusan dala miliyan 9.8 daga wani gida a Sabon Tasha, Kaduna, mallakar tsohon shugaban NNPC Andrew Yakubu. A Afrilu aka samu dala miliyan 43.4 a wani ɗaki na Osborne Towers a Ikoyi, lamarin da ya ci kujerar shugaban hukumar leƙen asiri ta NIA, Ayo Oke. A Yuni Ma'aikatar Kuɗi ta sanar da biyan naira miliyan 375.8 ga mutum 20.

Wannan tsari ya gyara abu ɗaya babba, dole a faɗa. Ya fitar da ƙorafi daga ginin da ake ƙorafi a kansa. Ba sai ka bi ta gaban ofishin maigidanka ba kafin ka kai magana. Amma ya zo da nasa ramukan. Tukuicin ya fi dacewa da wanda ya san inda aka jibge tsabar kuɗi, alhali yawancin ɓarnar da na gani a aiki ba ta zama a jaka: kwangilar da aka biya ba a yi ba, ma'aikatan bogi a jerin albashi, kayan da aka ninka farashinsu. Wanda ya tona na Ikoyi sai da lauyansa ya yi ta kuka a jaridu watanni kafin a biya shi a ƙarshen shekara. Shari'ar Yakubu kuwa ta ƙare a 2022 da kotu ta sallame shi, ta ce a mayar masa da kuɗinsa. Mafi muni, tsarin sanarwa ce ta ɓangaren zartarwa kawai, ba dokar majalisa ba. A farkon 2017 ɗin nan, wani mataimakin darakta a wata hukuma da ke ƙarƙashin Ma'aikatar Harkokin Waje ya rasa aikinsa bayan ya kai rahoton karkatar da kuɗi, sai da ƙungiyoyi da 'yan jarida suka tashi tsaye aka mayar da shi. Cibiyar AFRICMIL ta Chido Onumah, wadda ta buɗe shirin tallafa wa masu kwarmato a 2017, ta ɗauki shari'o'in mutane irinsa da dama. Shi mataimakin darakta ne, ya iya rubutu, ya san 'yan jarida. Direba ba shi da ko ɗaya.

Mu mutanen Mpape mun san bambancin alƙawari da doka. A 2012 hukumar birnin tarayya ta ba da sanarwar rushe unguwar, mazauna suka garzaya kotu, aka yi shekaru ana zaman ɗar-ɗar, har a Fabrairun 2017 kotu a Abuja ta hana rusau ɗin. Abin da ya tsayar da katafila hukunci ne da za a iya ɗagawa a nuna. Mai kwarmato a Najeriya ba shi da irin wannan takardar. Ghana ta yi tata dokar tun 2006, Afirka ta Kudu tun 2000, Ingila tun 1998. Ban ce doka na tare harsashi ba, domin a Agustan 2021 an harbe Babita Deokaran a ƙofar gidanta a Johannesburg bayan ta fallasa badaƙalar sayayya a ma'aikatar lafiya ta lardin Gauteng. Amma doka na ba wanda aka zalunta hurumin zuwa kotu, ta kuma sa mai ramuwa ya san akwai abin da zai biya.

Bankuna sun ɗan yi gaba. Tun 2014 Babban Banki ya wajabta musu buɗe hanyar kwarmato da kai masa rahoto a kai a kai, kuma da yawansu sun miƙa layin wayar ga kamfanonin odita na waje, don kada kiran ya faɗa kunnen wanda ake ƙara. Wannan shi ne abin da na daɗe ina fatan a yi wa ACTU: kuɗinta ya fito daga ICPC kai tsaye, kada a taɓa ɗan kwamiti ko mai ƙorafi da canjin wurin aiki sai da izinin wata hukuma ta waje, kuma in an taɓa shi a cikin wani wa'adi bayan ƙorafinsa, ma'aikatar ce za ta kawo hujjar cewa ba ramuwa ba ce. Wannan sharaɗi na ƙarshe ya fi kowane tukuici muhimmanci, domin ƙaramin ma'aikaci ba zai taɓa iya tabbatar da abin da ke zuciyar darakta ba. A kuma bar hukuncin mai ƙarya da gangan yadda yake, saboda na ga mutanen kirki da ƙorafin ƙiyayya ya ɓata wa suna, kuma tabon 1975 bai kamata a sake shi ba.

Majalisar Dattawa ta amince da ƙudurin kare masu kwarmato a Yulin 2017, bai zama doka ba. A Disambar 2022 Majalisar Zartarwa ta amince da wani sabon daftari, Ministar Kuɗi Zainab Ahmed da bakinta ta ce tsarin ya yi sanyi saboda mutane na tsoron abin da zai same su. Majalisa ta 9 ta kammala wa'adinta a Yunin 2023 ba a zartar da shi ba. A Janairun 2024 wata takarda ta fita daga Ma'aikatar Jinƙai, mai nuna umarnin tura naira miliyan 585 zuwa asusun wani mutum, Shugaba Tinubu ya dakatar da minista Betta Edu. Ba a daɗe ba ofishin Shugabar Ma'aikata ya fitar da gargaɗi ga ma'aikata kan fitar da takardun gwamnati, tare da barazanar hukunci. Maƙwabtana sun karanta labaran biyu a waya ɗaya, kuma na biyun ne suka zo suna tambayata a kansa.