Karin gama-gari a waƙoƙin coci

Karin gama-gari ma'auni ne da ake tsara baitocin waƙoƙin ibada na Kirista da shi a harshen Ingilishi. A littattafan waƙoƙin coci ana yi masa alama da C.M. ko 8.6.8.6. Yana da dangantaka ta kusa da karin tsofaffin waƙoƙin baka na Ingila da Sikotland.

Tsari

Kowane baiti yana da ɗango huɗu. Na farko da na uku suna da gaɓa takwas-takwas, na biyu da na huɗu kuma shida-shida. Gaɓoɓin na tafiya bibbiyu, ana sassauta ta farko, a ƙarfafa ta biyu. A nan ya bambanta da karin rubutacciyar waƙar Hausa, wanda ya dogara ga nauyin gaɓa. Amsa-amo kan haɗa ɗango na biyu da na huɗu, sau da yawa har na farko da na uku. Akwai kuma dogon kari (8.8.8.8) da gajeren kari (6.6.8.6).

Tarihi

Karin ya bazu ne a ƙarni na 16, lokacin da Furotesta suka mayar da Zabura waƙa domin jama'a su rera da harshensu. Littafin Zabura na Sternhold da Hopkins na 1562 da na Sikotland na 1650 sun yi amfani da shi a mafi yawan waƙoƙinsu. Isaac Watts (1674–1748) ya bi wannan kari a waƙar da ya gina kan Zabura ta 90, wadda aka buga a 1719.

Amfani

Tunda adadin gaɓoɓin bai canzawa, duk waƙar da ke kan wannan kari tana hawa kowace murya da aka tsara masa. Saboda haka ikkilisiyar da ta haddace muryoyi kaɗan tana iya rera ɗaruruwan waƙoƙi. Shi ya sa littattafan waƙoƙi da yawa ke jera muryoyi bisa karinsu a ƙarshen littafi. Misali, an buga kalmomin Amazing Grace na John Newton a 1779, amma sai a 1835 William Walker ya haɗa su a Amurka da muryar New Britain da aka san waƙar da ita a yau.

Ƙa'idar tana da wahala ga masu fassara, domin dole ma'anar ɗango ta shiga gaɓa takwas ko shida, in ba haka ba waƙar ba za ta reru da muryarta ba.