Nasabar Rendiyar Gida da ta Daji a Ƙasar Sami

A wajajen shekara ta 890 ta Miladiyya, wani attajiri daga arewacin Norwe mai suna Ottar ya sauka a fadar Sarki Alfred na Ingila, ya shaida masa cewa cikin dukiyarsa akwai rendiya 600, wato dabbar nan ta ƙasashen ƙanƙara mai kama da barewa, mai ƙaho reshe-reshe, kuma shida daga cikinsu na tarko ne, waɗanda mutanen Sami, 'yan asalin wannan yanki na arewa, suke ji da su matuƙa, domin da su ake yaudarar na daji har su zo hannu. Riwayar gajera ce, amma ta ishe mu hujja cewa a wancan zamani farauta ce asalin sana'a, horarrun kuwa hidimar farauta da jan kaya suke yi. Sai a ƙarni na 16 da na 17, lokacin da na daji suka yi ƙaranci, sarakunan Denmak da Suwidin da Rasha kuma suna neman haraji, kiwon manyan garke ya kafu.

Mai hankali zai zaci cewa na dajin nan ne aka kama aka hore su, ni ma da haka na ɗauka. Amma da malaman Norwe, cikinsu har da Knut Røed, suka yi tahƙiƙi a kan ƙasusuwan rendiya da aka tono daga tsofaffin wuraren mafarauta a Finnmark da ke arewacin Norwe, suka gwada ƙwayoyin halittar da ake gada ta wajen uwa da na garkunan yau, sai nasabar ta ƙi haɗuwa: zuriyar da aka yi ta farauta galibinta ta shuɗe, wadda makiyaya suke kora yanzu daga wani tushe ta fito. A 2008 kuma binciken Røed da abokansa ya nuna cewa rendiyar gida ta Rasha da ta ƙasar Sami ba daga asali guda aka hore su ba, alhali jinsinsu ɗaya ne, suna barbara da juna ba tare da wani shamaki ba.

Saboda wannan barbara ne ma na dajin Hardangervidda, a kudancin Norwe, suka gauraya da jinin garkunan da aka taɓa kiwo a can, amma na duwatsun Dovre da Rondane, waɗanda makiyaya ba su cika kusanta ba, suka riƙe mafi yawan tsohuwar nasabarsu.