Tsagar wanzami da hannun likita

A walimar da aka shirya mini ta ajiye aiki, wata ƙaramar likita ta tare ni wajen wanke hannu ta ce, “Baba, da babu hoton siti a zamaninku, ta yaya kuke sanin abin da ke cikin mutum kafin ku tsaga shi?” Na ce mata, “'Yata, sau da yawa ba mu sani ba.” Ta yi dariya, ta ɗauka zolaya ce.

Gaskiya na faɗa mata. Na'urar siti ta farko a Nijeriya sai a 1987 aka kafa ta a Ibadan, mu kuwa a Arewa mun daɗe muna jin labarinta kawai. Abin da muke da shi hannu ne, da hoton ƙirji da na ciki, da ruwan bariyum mai kama da kunun alli, sai kuma aikin da muke rubutawa a allon ɗakin tiyata ba tare da jin kunya ba: buɗe ciki don a gani. Yau in ka rubuta haka sai a ɗauke ka ɗan gargajiya.

Maigidana a wajen aiki, Allah ya jiƙansa, ba ya fara taɓa ciki. Tsayawa yake daga ƙafar gado ya sa a yaye riga, ya yi shiru har ka ƙosa. Tsagar wanzami yake karantawa. Kusan duk wanda ya zo mana daga ƙauye da ƙari a ciki ya riga ya biya wajen wanzami, shi kuwa wanzami inda ake jin ciwon yake tsagawa ko ya kafa ƙaho. Tabon da ya yi baƙi ya kwanta, ciwon ya shekara. Wanda bai gama warkewa ba, nan ciwon ya koma kwanan nan. In tsaga ta fara daga ƙasan haƙarƙarin hagu ta gangaro cibiya, sai ya ce saifa ce take girma, wanzami na bin ta. In a dama ne ga saurayi ramamme, ga hanta tauri kamar dutse, sai ya sunkuyar da kai, don ya san kansar hanta ce, wadda ciwon hanta nau'in B da gyaɗa mai fumfuna suka yi mana illa da ita. Majinyaci kan ce ciwon wata biyu ne, don kada a yi masa faɗan jinkiri. Fatarsa kuwa ba ta iya wannan kara ba. Daga nan sai maigida ya ɗumama hannu, ya laluba, ya zana iyakar ƙarin da biro a fatar ciki, bayan mako a sake zanawa a kwatanta.

Ban ga wannan a littafin kowa ba, kuma yanzu ba na jin ana koyar da shi a zagayen safe.

Amma kada in yi wa hannu kirarin da bai kai ba. Akwai wata mata, uwar yara, da aka sha kai ta wajen masu ruƙiyya saboda abin da danginta suka kira iska: kai ya sara mata, zufa ta karyo, zuciya ta riƙa dukan uku-uku, can kuma ta ware kamar ba ita ba. Mun ji ƙullutu a can bayan ciki ta gefen hagu, muka ce na ƙoda ne, muka shiga. Ina kama shi da yatsu, mai ba da maganin barci ya daka tsawa in cire hannuna, jini ya hau inda bai taɓa gani ba. Ashe fiyokromosaitoma ne, ƙarin nan na ɗan ƙullin naman da ke kan ƙoda, wanda in an matsa shi yake kwararo sinadarin adiranalin cikin jini. Da muka ɗaure jijiyarsa kuma jinin ya faɗi warwas, muka yi ta ɗura ruwa. Ta rayu, da ikon Allah da kuma wannan bawan Allah da ke tsaye wajen kanta, wanda ko a takardar aiki ba a cika tuna sunan irinsu ba. Tun 1926 César Roux a Suwizalan da Charles Mayo a Amurka suka cire irin wannan ƙari lafiya, kuma mun san ana shirya mai shi da magani na kwana goma zuwa sha huɗu kafin a sa wuƙa. Sanin muna da shi. Tunaninsa ne bai zo mana ba, don babu wanda ya zauna ya saurari labarin “iskar” tata. Da hoton siti da gwajin fitsari, da ba mu shiga a makance ba. Wannan na yarda.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya daban ne. A shekarun nan na ƙarshe na ga manomi ya sayar da sa don a ɗauki hoton siti na ciki, ya dawo da fim a hannu, amma babu wanda ya ce ya kwanta a duba shi. Na ɗaga rigarsa da kaina: ga tsaga layi uku, ga ciki ya kumbura gefe guda, ana ƙwanƙwasawa yana amsawa kamar ganga. Murɗewar babban hanji ce, wadda hoton ciki na ɗan kuɗi kaɗan ke nunawa. Kuɗin san da za a yi tiyata da shi ya tafi wajen tabbatar da abin da ido ya isa ya gani.

Don haka ke 'yata da kika tambaye ni, da sauran abokan aikinki: ku nemi hoton siti duk lokacin da ya kamata, ni ma da ina da shi da na nema. Amma kafin ku rubuta takardar, don Allah ku sa a yaye rigar tukuna.