Ƙofar DC-10 da ta ci rayuka 346

Ranar Lahadi 3 ga Maris 1974, jirgin Turkish Airlines ƙirar DC-10 ya yada zango a filin Orly na birnin Paris, a kan hanyarsa daga Istanbul zuwa Landan. Ya iso da kujeru da yawa ba kowa, amma yajin aikin da ake yi a kamfanin jiragen Birtaniya ya bar matafiya jibge a filin, sai aka ɗura su a ciki. Tashinsa ke da wuya, ƙofar ɗakin kaya ta baya ta ɓalle. Iskar da aka matse a cikin jirgin ta fice da ƙarfin tsiya, daɓen da fasinjoji ke zaune a kai ya rufta, mutum shida suka faɗo da kujerunsu. Wayoyin da matuƙi ke sarrafa wutsiyar jirgin da su ta ƙarƙashin wannan daɓe suka bi, saboda haka suka tsinke ko suka cije. Bayan daƙiƙa 77 jirgin ya tarwatse a dajin Ermenonville. Mutum 346 ne a ciki, ba wanda ya kai labari. Har zuwa ranar, ba a taɓa yin haɗarin jirgin sama mai muni haka ba.

Abin da ke ci mini rai a tarihin nan shi ne, duk wanda ya kamata ya san ƙofar na da aibi ya sani, kuma ya sani da daɗewa.

Ƙofar fasinja a jirgin sama daga ciki take toshe kafarta, don haka matsin iska ƙara danne ta yake yi. Ƙofar kayan DC-10 kuwa waje take buɗewa, domin kada ta ci wurin kaya, kuma wasu ƙugiyoyi da lantarki ke turawa su kaɗai ke riƙe ta. An ce idan ƙugiyoyin ba su kama sosai ba, hannun kulle ba zai kwanta ba. A zahiri, idan ƙato ya danna, ƙarfen da ke ciki sai ya lanƙwashe, hannun ya kwanta, fitilar gargaɗi a gaban matuƙi ta mutu, alhali ƙofar na a maƙale kawai. Kamfanin McDonnell Douglas, mai ƙera DC-10, yana rige-rigen shiga kasuwa da jirgin TriStar na Lockheed. Tun a 1970, a wani gwaji da aka yi a ƙasa, ƙofar kaya ta fashe, daɓe ya rufta. Aka yi 'yan kwaskwarima, jirgin ya fara jigila a 1971.

Ranar 12 ga Yuni 1972 abin ya faru a sararin sama. DC-10 na American Airlines ya tashi daga Detroit, yana saman garin Windsor na Kanada ƙofar baya ta fita, har da wani akwatin gawa da ke ɗakin kaya. Allah ya sa fasinjoji ba su da yawa, daɓen bai rufta gaba ɗaya ba. Kyaftin Bryce McCormick ya lallaɓa jirgin ta hanyar ƙara wa injina wuta da rage musu, ya sauke mutum 67 da ransu.

Kwana goma sha biyar bayan haka, Dan Applegate, babban injiniya a kamfanin Convair mai ƙera gangar jikin jirgin, ya rubuta wa shugabanninsa takarda. Ya gargaɗe su cewa a shekaru ashirin masu zuwa babu makawa ƙofar za ta sake buɗewa, kuma yawanci hakan zai zama asarar jirgi ɗungum. Takardar ba ta kai ga McDonnell Douglas ba. Shugabannin Convair sun ji tsoron a ɗora musu kuɗin gyara.

Hukumar binciken haɗurra ta Amurka, NTSB, ta nemi a sake fasalin kullen, a kuma yi wa daɓen kafofin fitar iska. Ofishin hukumar kula da jiragen sama, FAA, na Los Angeles ya fara tsara umarnin dole. Sai shugaban FAA, John Shaffer, da shugaban sashen Douglas, Jackson McGowen, suka daidaita ta wayar tarho: ba za a fitar da umarnin dole ba, kamfani zai aika wa masu jiragen shawarwarin gyara. Umarnin dole zai shiga jarida, ya ɓata wa sabon jirgi suna. Hukumar da aka kafa don ta tsare fasinja sai ta tsare mutuncin mai sayarwa.

Jirgin da ya faɗi a Ermenonville yana masana'anta lokacin da ake wannan, sai a Disamba 1972 aka miƙa wa Turkiyya shi. Takardunsa na ɗauke da hatimin sufetoci cewa an sa wa ƙofar ƙarfen tallafin da aka ba da shawara. Masu bincike sun tono ƙofar daga gona, ba ƙarfen ba dalilinsa. Sun kuma tarar an saita sakatun kullen ba daidai ba, ta yadda ba a buƙatar wani ƙarfi sosai kafin hannun ya kwanta.

Duk da haka, da farko an bar jaki ana dukan taiki. Shugabannin McDonnell Douglas sun nuna yatsa ga lebura ɗan asalin Aljeriya da ya rufe ƙofar a Orly, suna kiransa jahili. Bawan Allah yana jin Larabci da Faransanci, gargaɗin da ke jikin ƙofar kuwa da Turanci da Turkanci aka rubuta shi. Akwai wata 'yar taga da aka huda bayan abin da ya faru a Windsor don a leƙa a ga ko sakatu sun shiga, amma ba wanda ya taɓa gaya masa amfaninta, kuma wannan dubawar aikin injiniya ce.

Cikin makon da aka yi haɗarin, FAA ta fitar da umarnin dolen da ta ƙi fitarwa a 1972. A 1975 ta wajabta ƙarfafa daɓen manyan jirage masu faɗin ciki, har da Boeing 747 da TriStar. Takardar Applegate kuwa sai a shari'ar da iyalan mamatan suka shigar a Los Angeles ta fito fili, lokacin da lauyoyinsu suka tilasta wa kamfanonin buɗe fayil-fayil ɗinsu.