Daga Ore Zuwa Gaɓar Kwara: Sake Auna Farmakin Martani na 1967

A Kaduna ta Arewa, babban filin taro sunan Murtala Muhammed yake ɗauke da shi, ga kuma hedikwatar Runduna ta Ɗaya a Kawo, wadda Muhammadu Shuwa ya jagoranta a yaƙin basasa. Jama'a sun riƙe sunan na farko, na biyun kuwa sai tsofaffin soja. Ina ganin wannan ya karkatar da fahimtarmu game da farmakin martanin da sojojin tarayya suka kai a 1967, har muka ɗauka zafin nama ne kaɗai ke cin yaƙi.

Ranar 9 ga Agusta 1967 dakarun Biyafara ƙarƙashin Victor Banjo suka haye Kwara, suka mamaye Jihar Tsakiyar Yamma, suka dangana da Ore a hanyar Legas. Sai dai kwanakin da Banjo ya ɓata a Benin sun ba shugaban ƙasa Gowon sararin harhaɗa Runduna ta Biyu cikin gaggawa, da sababbin kurata da 'yan mazan jiya, aka damƙa wa Murtala. Ranar 20 ga Satumba Benin ta dawo hannun tarayya. Ba a raina wannan bajinta ba, amma maharin ya riga ya yi nisa da gida, ga ƙarancin makamai, ga rashin jituwa tsakaninsa da shugaban Biyafara, Ojukwu. Haka ta faru a ƙofar Mosko a Disamba 1941: sai da sanyi da nisa suka karya lagon Jamus kafin kwamandan Soviet Zhukov ya auka musu.

Abin da ya biyo baya shi ne inda hujjata ta fi ƙarfi. A Asaba, cikin Oktoba, sojojin Runduna ta Biyu suka karkashe ɗaruruwan fararen hula, ta'asar da babu wata nasara da za ta wanke ta. Sannan Murtala ya ƙi shawarar Legas ta ya zagaya ta Idah, ya dage sai ya haye kogin kai tsaye zuwa Onitsha, alhali an riga an karya gada. Sau uku ana gwadawa, sau uku ana asarar mutane da kayan yaƙi. Kuskuren Banjo ne ya maimaita: ya wuce inda ƙarfinsa ya tsaya. Onitsha ba ta faɗi ba sai Maris 1968, ta waccan hanyar Idah da aka ƙi tun farko, kuma a ƙarshen watan aka ƙone wa Murtala ayarin motoci a Abagana.

Shuwa, wanda aka yi ta zarginsa da nawa, ba ya matsawa sai ya tsare bayansa. Ya karɓi Nsukka a Yuli 1967, Enugu ranar 4 ga Oktoba, Umuahia a Afrilu 1969. A watan ne kuma Biyafara ta ƙwace Owerri daga Runduna ta Uku ta tarayya, wadda ita ma ta bazu fiye da ƙima.