Shimfiɗa da Ƙarfin Tsukewa a Rainon Ƙwayoyin Tsokar Zuciya

Ƙwayar tsokar zuciyar baligi doguwa ce: tsawonta kimanin maikiromita 100, ya ninka faɗinta kusan sau bakwai. A cikinta akwai sakomiya, ƙananan gaɓoɓin da ke tsukewa, jere bi da bi, duk sun fuskanci gefe guda. Amma a ɗauko ƙwayar zuciyar jaririn ɓera a shuka ta kan farantin roba mai santsi, sai ta baje ta yi rassa, zaruruwanta na ja gabas da yamma, kudu da arewa. Tana bugawa, sai dai ƙarfin ya tarwatse. Matsayin wannan maƙala shi ne, shimfiɗar da aka raini ƙwaya a kai wani ɓangare ne na gwajin kansa, kuma duk sakamakon da bai bayyana ta ba ragagge ne.

Hanyoyi biyu aka fi bi wajen jera ƙwayoyin. Ko dai a sassaƙa ƙananan tsagi a fuskar shimfiɗar, kamar kunyoyin gona, ko a yi hatimi da robar PDMS a buga layukan furotin fibronektin, yadda ƙwayar ba ta da wurin kamawa sai kan layin. Sai ta bi layin ta miƙe, sakomiya su daidaita, jan ya taru wuri ɗaya. A 2007 ɗakin binciken Kevin Kit Parker a Jami'ar Harvard ya shuka irin waɗannan ƙwayoyi kan siririyar fatar roba, wadda ke lanƙwashewa da kowane bugu. Daga lanƙwasar ake lissafa ƙarfin. A 2010 Deok-Ho Kim da abokan aikinsa suka nuna cewa ko tsagin da bai kai maikiromita ɗaya ba yana jera ƙwayoyin, har saƙon lantarki ya fi gudu ta tsawon tsagin.

Inda na fi so mai karatu ya tsaya shi ne haɗuwar siffa da tauri. Adam Engler da Dennis Discher sun nuna a 2008 cewa ƙwayoyin zuciyar ɗan tayi sun fi bugawa kan shimfiɗa mai laushi irin na zuciya, kuma kan mai tauri irin na tabo bugun yana mutuwa. Farantin roba kuwa ya fi zuciya tauri sau dubbai. Sannan a 2014 Megan McCain da Parker suka gano cewa a kan shimfiɗa mai taurin kilofaskal 13 ƙwaya mai siffar 7:1 (tsawo da faɗi) ce ta fi aiki, amma a kilofaskal 90 gajeriya mai faɗi ta sha gabanta. Ashe babu wata siffa da ta fi kowace a ko'ina. Shimfiɗar ce ke zaɓa. Wannan ya yi daidai da kaurin da ƙwayoyi ke yi a zuciyar da hawan jini ya taurara, abin da likita ke gani a majinyacinsa.

Duk da haka, jeruwa ba balaga ba ce, kuma nan ne wasu rahotanni ke wuce gona da iri. Ƙwayoyin da ake samarwa daga ƙwayoyin asali na ɗan Adam, bisa hanyar Shinya Yamanaka ta 2007, suna ƙara ƙarfi idan aka tsara su 7:1 kan kilofaskal 10, kamar yadda ɗakin Beth Pruitt a Stanford ya nuna a 2015. Amma galibinsu na bugawa da kansu ba tare da an zaburar da su ba, sun fi dogaro da sukari a kan kitse, kuma bututun da ke kai saƙon lantarki cikin ƙwaya bai cika ba. Mai gwada illar sabon magani ga zuciya da irinsu, dole ya rubuta faɗin tsaginsa, da taurin shimfiɗarsa, da kwanakin raino kafin wani ɗaki ya iya maimaita aikin.